Yadda Ake Kankare Ɗanyar Citta

Dukanmu mun san citta. Muna sa ta a kunu da fura da zoɓo da shayi, muna daka ta cikin yaji. Mai jego ma ba ta rabuwa da ita. Citta iri biyu ce a bakin Hausawa, akwai mai ƙwaya, akwai mai yatsu. Yau a kan mai yatsu za mu yi karatu, ita ma ɗanya, wadda ba a shanya ba.

Citta a cikin ƙasa take girma, kamar gwaza. Tana son ruwan sama da yawa. Don haka a Nijeriya gidanta kudancin Kaduna ne, wajen Kaciya da Kwoi da Kagarko da Kafancan. Ana shuka ta da faɗuwar damina, a watan Afrilu ko Mayu. Bayan wata 8 ko 9, in ganye ya bushe, sai a haƙa. Manoman can suna da iri biyu. Ɗaya sunanta Tafin Giwa, mai kauri ce, cikinta rawaya. Ɗayar kuwa Yatsun Biri, siririya ce, amma ta fi yaji.

A shekarar 2023 wata cuta ta auka wa gonakin citta a ƙasar nan tasu. Ganye ya ƙone, citta ta ruɓe tun tana ƙasa. Manoma da yawa ko irin shuka ba su tsira da shi ba. A shekarar nan citta ta yi tsada ƙwarai, har a kasuwannin ƙauye. Wanda ya saya a lokacin ya san ba abin zubarwa ba ce.

To, amma da yawa cikinmu muna zubar da ita ba mu sani ba. In mun tashi aiki sai mu ɗauko wuƙa mu fere ta kamar doya. Nan kuskuren yake. Ɓawon doya da kauri, ɓawon citta kuwa bai fi takarda ba. Kuma man da ke ba citta ƙanshi, a ƙarƙashin ɓawon nan ya fi taruwa. Wanda ya fere da wuƙa ya kwashe wuri mai ƙanshi ya ba kaji, ya bar wa kansa saura. Ban da wannan, citta ba miƙaƙƙiya ba ce. Duk gaɓa ce da lungu. Wuƙa takan goce ta sami yatsa, kuma wanda ruwan citta ya taɓa shiga masa yanka ba ya mantawa.

A kantunan birni ana sayar da wani ɗan ƙarfe na feraye dankali. Kada rashinsa ya dame mu. Shi ma yana cin nama, kuma ba ya shiga lungu. Abin da ya fi shi yana nan cikin kwanukanmu, wato cokali. Citta ba a fere ta, kankare ta ake yi.

Ga yadda za mu yi. Da fari mu ɓalle gwargwadon abin da za mu yi aiki da shi yau. Sauran mu bar shi da ɓawonsa, gama ɓawo shi ne rigar citta, in an tuɓe mata sai ta bushe ko ta yi fumfuna da wuri. Sa'an nan mu karya yatsun a gaɓa, kowane yatsa daban. A tsakanin yatsun nan ƙasa take maƙalewa. In ba a karya ba, kome wanki sai an ji tsakuwa a kunu. Mu wanke da ruwa mai tsabta, mu zubar, mu sāke.

Yanzu mu riƙe citta da hannu ɗaya. Da ɗaya hannun mu riƙe cokalin ƙarfe kusa da wuyansa, ba can ƙarshen mariƙi ba. Mu juya cikin cokali ya dubi citta, mu ɗora bakinsa a kan ɓawo, mu ja a hankali. Ba a dannawa da ƙarfi. Za mu ga ɓawo yana tashi siriri kamar saɓar maciji, nama kuwa yana nan bai taɓu ba. In mun zo lungu, sai mu sa kan cokali mu ƙwaƙule. Ƙaramin cokalin shayi ya fi babba daɗin wannan aiki. Ko yarinya 'yar shekara 8 za a iya ba ta, ba a fargabar ta yanke.

In babu cokali kusa, bakin sakaina mai tsabta ya isa, ko bayan wuƙa, wato gefen da ba shi da kaifi. A ƙasar Indiya, inda ake noman citta da yawa, da tsagin gora suke kankarewa, don kada su ɓata man nan da muka faɗa. Sabuwar citta wadda aka haƙa da wuri ba ta bukatar kome. A murza ta da babban yatsa ko da tsumma mai tsabta, ɓawon zai saɓule. Wadda ta kwana biyu ta yamushe, a jiƙa ta a ruwa kamar rabin sa'a tukuna.

Ba kullum ne ma ake kankarewa ba. Busasshiyar cittar da muke saye a kasuwa, yawancinta tsaga ta aka yi biyu aka shanya da ɓawonta. In za mu daka mu tace, kamar a zoɓo ko kunun zaƙi, wanki mai kyau ya wadatar, gama ɓawon a rariya zai tsaya. Sai in za ta shiga miya, ko in ɓawon ya tsufa ya yi tauri, sa'an nan a kankare. Amma citta da ta yi laushi, ko ta yi baƙi a ciki, ko tana wari, kankara ba ta gyara ta. A yar da ita. In mun gama aiki mu wanke hannu kafin mu taɓa ido ko mu ɗauki jariri.

Aikin aji: Gobe mutum biyu su zo da citta, yatsu biyu masu girma ɗaya. Ɗaya ya fere da wuƙa, ɗaya ya kankare da cokali. Mu tara ɓawon kowa a kan faifai, mu duba, mu sansana. Sa'an nan kowa ya rubuta a littafinsa wane tsibi ya fi yawa, wane kuma ya fi ƙanshi.