Amsoshin Tambayoyinku: Koyon Aiki a Majalisun Ƙasashen Waje

Wani ɗalibin kimiyyar siyasa a Jami'ar Bayero, mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi, yana tambaya ko ɗalibi zai iya samun gurbin koyon aiki a majalisar dokokin wata ƙasa.

To, malam, ana samu, sai dai galibi sai an kammala digiri. Majalisar Tarayyar Turai tana da shirin Schuman na wata 5, ana farawa a Maris da Oktoba, a Brussels ko Luxembourg ko Strasbourg. Ana biyan alawus duk wata, amma guraben waɗanda ba 'yan ƙasashen ƙungiyar ba kaɗan ne. Majalisar Jamus, wato Bundestag, ita ma tana da nata na wata 5, wanda ake yin wata 3 a ofishin ɗan majalisa, amma sai mai jin Jamusanci sosai, kuma daga ƙasashen da aka zaɓa.

Aikin dai shi ne binciken ƙudurori, da rubuta taƙaitattun bayanai, da halartar zaman kwamitoci.

Shawararmu ita ce ka fara daga gida. Cibiyar PLAC tana tura matasan da suka kammala digiri kwamitocin Majalisar Dokoki ta Ƙasa a Abuja. Kafin nan, nemi aikin sa-kai lokacin hutu a ofishin mazaɓa na ɗan majalisarku na Tarauni. Takardar shaidar da za ka samu za ta ƙarfafa buƙatarka. Ka yi fasfo da wuri a ofishin Farm Centre, kuma kada ka ba dillali ko kwabo, domin neman waɗannan guraben kyauta ne. Allah ya ba da sa'a.