Darasin Lafiya: In Hoton Huhu Bai Raba Gardama Ba

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan gudan jini ne. Wani lokaci jini yakan daskare a jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle, ya bi jini har ya toshe hanya a huhu. Mutum sai ya fara haki farat ɗaya, ƙirji na suka, zuciya na bugawa da sauri, wani ma har da kakin jini. Ya fi samun mai jego, da wanda aka yi wa aiki, da mai karaya da ya daɗe a kwance wurin ɗori, da wanda ya yi doguwar tafiya a mota ƙafa a naɗe.

A ce mun kai ɗan ƙungiyarmu Kano, Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nasarawa, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. An ɗauki hoto, likita ya ce bai tabbata ba. Nan ne mukan yi kuskure. Sai mu ce ai ba a ga kome ba, ga kuɗi sun tafi, ga dawa na jiran yanka, mu koma gida.

To, "bai tabbata ba" daban, "babu" daban. Hoton ƙirji na kullum ba ya nuna gudan jini. Akwai wani hoto mai gwada yadda iska da jini ke ratsa huhu, shi ma sau da yawa ba ya yanke magana. A wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1990, wajen mutum 7 cikin 10 ba su sami amsa tsayayya daga gare shi ba. Waɗanda hotonsu ya tsaya tsaka-tsaki kuwa, kusan 1 cikin 3 suna da gudan.

Saboda haka likita yakan ci gaba da nema. In zatonsa kaɗan ne, akwai gwajin jini da zai iya kawar da shakka. In ba haka ba, zai duba jijiyoyin ƙafa da irin na'urar da ake duba masu ciki. An ga gudan a can, magani ɗaya ne, ba sai an ƙara wahalar da huhu ba. Ba a gani ba, yakan ce a dawo bayan kwana 7 a sake. Ko kuwa ya aika a ɗauki hoton siti sikan na jijiyoyin huhu. In zato ya yi ƙarfi, akan fara allurar tsinka jini tun kafin amsa ta fito.

Wannan dawowa ta biyu ita ce aikin ƙungiya. Mu ware kuɗin mota da na gwaji daga asusu, wani kuma ya riƙe masa gona. Kada a murza kumburarriyar ƙafa. In an tabbatar, magani yakan ɗauki aƙalla wata 3, kuma ba a haɗa shi da asfirin ko jiƙo sai likita ya sani. Baƙin bayan gida ko haɓo mai ƙin tsayawa, a koma asibiti ran nan.