Barin Giya da Shan Maganin Baifola: Darasi Daga Kasuwar Singa

Gabatarwa

Kasuwar Singa, wadda ke tsakanin Fagge da Sabon Gari a birnin Kano, cibiya ce ta sarin sukari da fulawa da shinkafa da man girki. Tun daga hantsi har zuwa magariba 'yan dako suna sauke buhuna cikin rana da gumi. A taro irin wannan ba a rasa mai fama da larura biyu a haɗe, wato jarabar giya da ciwon da likitoci ke kira baifola. Darasinmu zai duba abin da ke faruwa a jikin irin wannan mutum cikin makonnin farko na barin giya.

Mene ne baifola?

Ciwo ne na ƙwaƙwalwa mai fuska biyu. Wani lokaci mai shi yakan shiga zumuɗi: barci ya ƙaurace masa, surutu ya yi yawa, ya riƙa ɓarnar kuɗi. Wani lokaci kuma sai baƙin ciki ya danne shi na makonni, har ya kasa fita nema. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 40 ne ke da wannan ciwo. Da dama daga cikinsu sukan faɗa shan giya don neman barci ko mantuwa.

Ƙwaƙwalwa bayan an daina sha

A ƙwaƙwalwa akwai sinadari mai suna GABA, wanda ke kwantar da jijiyoyi, akwai kuma gulutamet, mai zaburar da su. Giya tana ƙara wa na farko ƙarfi, ta danne na biyu. Idan aka daɗe ana sha, sai ƙwaƙwalwa ta sake saiti don ta daidaita. Ran da aka tsayar da giya farat ɗaya, sai zaburarwar ta rinjaya. Cikin awa 6 zuwa 24 karkarwa da gumi da fargaba sukan fara. Wasu sukan yi jijjiga irin ta farfaɗiya cikin kwana biyun farko, wasu kuma sukan shiga ruɗewa da gane-gane a kwana na biyu zuwa na huɗu, abin da ke iya kisa. Saboda haka wanda ya daɗe yana sha da yawa, a hannun likita ya kamata ya daina. Likita yakan ba shi diyazafam na 'yan kwanaki, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa.

Lithiyam da ƙoda

A shekarar 1949 wani likita ɗan ƙasar Ostareliya, John Cade, ya bayyana cewa gishirin lithiyam yana kwantar da zumuɗi, kuma har yau yana cikin manyan magungunan baifola. Sai dai tazarar da ke tsakanin amfaninsa da gubarsa 'yar kaɗan ce. Akan so ya tsaya tsakanin milimol 0.6 da 1.0 a kowace litar jini. Idan ya haura 1.5, an shiga haɗari.

Ƙoda ce ke fitar da lithiyam, kuma tana ɗaukarsa tamkar sodiyam na gishirin miya. Idan jiki ya rasa ruwa da gishiri, ƙoda takan mayar da sodiyam cikin jini, lithiyam ya biyo shi. Alal misali, a ɗauka ɗan dako ne a Singa cikin zafin watan Afrilu, ya wuni yana gumi, ga amai na barin giya, sannan ya sayi diklofenak ko ibufurofen a kemis don ciwon baya. Waɗannan magunguna suna rage fitar lithiyam. Sai hannunsa ya kama rawa, harshensa ya yi nauyi, ya riƙa tangaɗi. Abokan aiki za su ce ya koma gidan jiya, alhali kuwa guba ce ke taruwa a jininsa, kuma asibiti yake buƙata nan take.

Sauran magunguna

Balfurowet, wani maganin baifola, hanta ce ke sarrafa shi, ga shi kuma giya ta riga ta wahalar da ita, don haka akan gwada hanta kafin a fara shi. Yana kuma iya nakasa ɗan tayi. Maganin baƙin ciki irin su amitiriftilin, idan aka sha shi shi kaɗai, yana iya jefa mai baifola cikin zumuɗi.

Kammalawa

Giya ake bari, ba magani ba. Wanda ya yanke lithiyam kwatsam don ya ji sauƙi, ciwon yakan dawo masa da sauri. Wajibi ne ya gaya wa likita gaskiyar yawan abin da yake sha, ya yi gwajin jini a kan kari, ya sha ruwa isasshe, ya tsare lokacin barcinsa, kuma ya nemi shawarar likita kafin azumi. A Kano ana samun likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da kuma asibitin Dawanau.

Tambayoyi ga ɗalibai

1. Me ya sa tsayar da giya farat ɗaya ke kawo jijjiga?
2. Bayyana yadda gumi ke ƙara yawan lithiyam a jini.
3. Kawo alamomi uku na gubar lithiyam da suka yi kama da maye.