Abin da Iyaye Za Su Yi In Mai Laifi Ya Dawo Cikin Jama'a

Maƙasudin wannan ɗan rubutu nawa shi ne in bayyana muku wani darasi da na koya a zauren gidanmu cikin hutun ƙarshen shekara da ya wuce. Darasin kuwa shi ne hanyoyin da doka ta buɗe wa uwa ko uba domin su kare 'ya'yansu daga mutumin da kotu ta taɓa samu da laifin cin zarafin yara, bayan ya gama zaman gidan yari ya dawo gida.

Ga yadda abin ya faru. Ina da wata gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda aurenta ya mutu shekara biyu da suka wuce. Tana da 'ya'ya mata biyu, babbar shekararta tara, ƙaramar shida, kuma suna hannunta a gidan kakarmu. Ana nan sai tsohon mijinta ya aiko cewa yara sun yi wayo, a mayar masa da abinsa. To, gidan nasu babban gida ne na gado, kuma a lokacin ƙanensa bai daɗe da fitowa daga gidan yari ba. Shekara uku ya yi, saboda kotu ta same shi da laifin yunƙurin lalata da wata yarinya mai talla. Ɗakinsa kuwa yana soro, ta nan kowa ke shiga da fita.

Gwaggo ta zo wurin Baba tana kuka, ta ce, "Yaya, in aka kai yaran nan gidan can, ni da barci mun yi sallama."

Dangi suka rabu biyu. Manya suka ce a rufa asiri, ai ɗa na ubansa ne, kuma mutumin ya riga ya sha horo. Samari kuwa suka ce a bar su da shi, su lakaɗa masa duka su kore shi daga garin. Baba bai yarda da ko ɗaya ba. Ya aike ni in kira masa wani abokinsa, tsohon magatakardan kotu wanda ya yi ritaya. Da Malam ya zo, Baba ya ce mini, "Kai ɗan boko, ɗauko littafi ka rubuta abin da za a faɗa." Da na dawo makaranta na kai abin da na rubuta ga malaminmu na darasin mulki da na addinin Musulunci, suka duba suka ƙara mini haske. Ga hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya.

Hanya ta farko ita ce a tabbatar da laifin a takarda. Malam ya ce alƙali ba ya aiki da "an ce, an ce". Saboda haka a tafi kotun da ta yanke hukuncin, a rubuta wa magatakarda takardar neman kwafin hukuncin mai hatimin kotu, a biya kuɗin da aka ƙayyade, a karɓi rasit. Wannan takarda ita ce ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Har ila yau, akwai wata dokar tarayya ta shekarar 2015 mai hana cin zarafin jama'a, wadda ake kira VAPP a taƙaice. Dokar ta ce tilas a buɗe kundin sunayen waɗanda aka samu da laifin lalata, kuma jama'a su iya dubawa. A watan Nuwamba na 2019 aka ƙaddamar da wannan kundi a ƙarƙashin hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, kuma ana iya duba shi ta intanet. Amma malaminmu ya ja kunnena cewa rashin ganin sunan mutum a ciki ba shaida ba ce cewa bai taɓa yin laifi ba, domin ba kowane hukunci ne ke isa can da wuri ba.

Hanya ta biyu ita ce neman riƙon yaro a gaban alƙali, kuma a nan ne na fi shan mamaki. Mutane da yawa sun ɗauka cewa da zarar an yaye yaro, ko ya kai shekara bakwai, shi ke nan ya koma hannun uba. Wannan al'ada ce kawai. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na ƙasarmu ke bi, haƙƙin reno, watau abin da malamai ke kira hadana, na uwa ne bayan rabuwar aure. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare. Haka yake a cikin Risala da ake karantawa a zaurukan malamanmu. In uwa ta yi wani aure, riƙon ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ga uba. Yana komawa ga mahaifiyar uwar, sa'an nan 'yar'uwar uwar. Uba kuwa ciyarwa da tufatarwa suna wuyansa, kuma yana da haƙƙin ganin 'ya'yansa da kula da tarbiyyarsu.

Bugu da ƙari, malamai sun gindaya sharuɗɗa ga duk mai riƙo. Littafin Muhtasar na Shaihu Halilu ya lissafa hankali, da iyawa, da amana, da kuma amincin wurin da za a ajiye yarinyar da ake jin tsoron a cuce ta. Ashe kuwa gidan da wanda aka ɗaure kan irin wannan laifi yake kwana a bakin ƙofa, da wuya a kira shi wuri mai aminci. Uwa tana iya nuna wa alƙali takardar hukuncin nan, ta roƙi ya tabbatar mata da riƙo, ya kuma tsara inda uba zai riƙa ganin yara da lokacin da zai gan su. Wanda bai gamsu da hukunci ba yana iya ɗaukaka ƙara, har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha.

'Yan'uwanmu da suka yi auren rajista su ma doka ba ta bar su a baya ba. Dokar al'amuran aure ta 1970 ta ce a shari'ar riƙon yara, maslahar yaran ita ce gaba da kome. Haka kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta faɗa tun daga sashenta na farko. Jihohi sun yi nasu irin wannan doka. Jiharmu ta Kaduna ta yi tata a 2018, Kano kuma a 2023. Saboda haka ko wace kotu aka je, tambayar alƙali ɗaya ce: ina ne yaron nan zai fi samun tsaro da kulawa?

Hanya ta uku ita ce umurnin kariya. Wannan yana cikin dokar nan ta 2015. Asalinta a Abuja kaɗai take aiki, amma jihohi da yawa sun kafa irinta, Kaduna ma ta kafa a 2018. Umurnin kariya takarda ce daga kotu mai hana wani mutum cutar da wanda ya kai kuka, ko shiga gidan da yake zaune, ko zuwa wasu wuraren da kotu ta ambata. Ba lalle sai wanda abin ya shafa ne zai nema da kansa ba. Dokar tarayyar ta yarda ɗan sanda, ko ma'aikacin lafiya, ko ma'aikacin jin daɗin jama'a, har ma da malamin makaranta, ya nema a madadinsa. In akwai gaggawa, kotu na iya ba da umurni na wucin gadi tun kafin a saurari wanda ake ƙara. Wanda ya karya umurnin kuwa ya yi sabon laifi, kuma a dokar tarayyar ana iya cinsa tarar da ba ta wuce naira 300,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Tun da yake kowace jiha da tata dokar, sai a tambayi lauya ko magatakarda wace kotu ce ke da ikon ba da umurnin a jihar da mutum yake.

A nan Malam ya yi wa Gwaggo wani gargaɗi. Ya ce tsohon laifi shi kaɗai ba lalle ne ya isa ba, kotu za ta so ta ga alamar haɗari a yanzu. Don haka ya ce a sayi littafi, duk ranar da aka ga mutumin yana bin yaran a hanyar Islamiyya, ko yana ba su kuɗi ko alewa, ko yana kiransu gefe, a rubuta rana da lokaci da wanda ya gani. Irin wannan rubutu shi ake kai wa 'yan sanda, shi kuma ake zubawa cikin takardar rantsuwa.

Hanya ta huɗu tsohuwa ce, amma tana nan. Majistare yana da ikon kiran mutumin da ake tsoron zai ta da fitina ko ya aikata laifi, ya sa shi ya yi alkawari a rubuce cewa zai zauna lafiya na wani lokaci, tare da masu tsaya masa. In ya saɓa, shi da masu tsaya masa za su biya kuɗin da aka rubuta. Amfanin wannan shi ne danginsa da kansu za su sa masa ido, tun da aljihunsu yana ciki.

Hanya ta biyar ita ce sanar da masu alhakin kula da yara. A gaya wa shugaban makarantar boko da malamin Islamiyya, a rubuce, sunan wanda aka yarda ya ɗauki yaran in an tashi. A sanar da mai unguwa da ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Wanda ba shi da kuɗin lauya kada ya karaya. Akwai Hukumar Agajin Shari'a da aka kafa tun 1976 domin marasa hali, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. In kuwa, Allah ya kiyaye, an riga an taɓa yaro, to kada a tsaya sasantawa a zaure. A garzaya asibiti nan da nan kafin a yi masa wanka ko a wanke tufafinsa, sa'an nan a sanar da 'yan sanda. A Jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama, a Kano kuma akwai cibiyar Waraka, waɗanda aka buɗe musamman domin irin wannan.

Yanzu kuma ga abin da doka ba ta yarda da shi ba, kuma ina so 'yan'uwana samari su saurara da kyau. Tsarin mulkin 1999 ya hana a sake yi wa mutum shari'a kan laifin da aka riga aka hukunta shi a kai, ya kuma ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a duk inda ya so cikin Nijeriya. Saboda haka ba mai ikon korarsa daga gari da sanda. Wanda ya doke shi ko ya ƙona masa ɗaki, shi za a kama, sai a wayi gari mai neman kare yara yana tsare, wanda ake tsoro kuwa yana yawo. Haka nan faɗin abin da kotu ta tabbatar gaskiya ne, amma ƙara masa laifin da bai yi ba ɓata suna ne, kuma dokar final kot ta tanadi hukunci a kansa. Mai yiwuwa ne mutumin ya tuba, muna kuwa roƙa masa shiriya. Sai dai ba a gwada tubar mutum da 'ya'yan mutane.

Gwaggo ta bi hanya ta farko da ta biyu da ta biyar. Sau uku suna zuwa kotu ita da Baba. A zama na uku alƙali ya tabbatar mata da riƙon yaran, ya yanka wa uban kuɗin ciyarwa na wata wata, ya kuma ce ya riƙa zuwa ganinsu a gidan kakarmu. Umurnin kariya kuwa ba a nema ba, domin har yanzu ba a ga abin rubutawa cikin littafin nan ba, muna kuma fatan kada a gani. Amma abin bai zo da sauƙi ba. Har gobe akwai dangin da ba sa gaisawa da Gwaggo, wai ta tona asirin gida. Ranar da zan dawo makaranta na je yi mata sallama, na tambaye ta ko tana da-na-sani. Ta ce, "Ɗana, gara su yi fushi da ni shekara goma da in yi kuka har ƙarshen raina."

A ƙarshe ina kira ga iyayenmu da su daina jin kunyar zuwa kotu a kan irin wannan al'amari, domin rigakafi ya fi magani. Su kuma saba wa 'ya'yansu da hira, yadda yaro zai iya faɗin abin da ya dame shi ba tare da tsoron duka ba. Mu kuma ɗalibai, in mun je hutu mu karanta wa iyayenmu abin da muka koya, mu sa ido a kan ƙannenmu, in kuma wani a cikinmu yana ɓoye da irin wannan damuwa, to ya sami malamin da ya amince da shi ya faɗa masa. Allah ya tsare mana ƙannenmu, ya shiryi masu laifi, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin.