Amsoshin Tambayoyinku: Gwajin Turaren Mai

Wani mai sauraronmu daga karkarar Dambatta ya aiko yana cewa ya sayo 'yan kwalaben turaren mai guda uku a wajen masu haɗawa da hannu, amma ƙamshin da ya shaƙa a kasuwa dabam, wanda ya ji a jikinsa bayan Azahar dabam. Shin algus aka yi masa?

To Malam, Allah ya ƙara maka basira. Ba lalle ne algus ba, domin turaren da aka haɗa daga asali iri-iri, kamar wardi da sandal da almiski da itacen ud, bisa ɗabi'arsa ba ya bayyana gaba ɗaya. Sassauƙan ƙamshi ne ke fara tashi ya gushe, sa'an nan mai nauyin, wanda shi ne haƙiƙar turaren, ya fito sannu a hankali gwargwadon ɗumin jiki da gumi. Saboda haka kada ka yanke hukunci a bakin kwalba. Ɗiga ɗigo ɗaya a wuyan hannu da hantsi, iri ɗaya a yini, ka sake shinshinawa da La'asar, musamman a lokacin hunturu da busasshiyar fata ke saurin shanye mai.

In kana son ma'auni, gwada turarenka da Bint el Sudan, wanda ake yi a Kano, turaren mai ne marar giya da iyayenmu suka daɗe da sani. Ka ɓoye kwalaben daga rana, kada ka ɗiga a farar rigar Juma'a don mai yana barin tabo, in kuwa fata ta yi ƙaiƙayi, ka wanke ka bar wannan turaren.