Darasin Turanci: Mece ce "breathing space"?

A wannan fitowa mun ɗauko wata magana da masu kai shanu kudu suke yawan ji a bakin mahauta, ko a Agege ta Ikko, ko Ibadan, ko Kumasi. Da yawa daga cikinmu, musamman na Nijar da Chadi, Faransanci muka fi ji, shi ya sa wani lokaci akan yi mana Turanci mu ce "to" alhali ba mu san abin da muka amsa ba.

Maganar ita ce "breathing space", ana faɗinta kamar "biridin sifes". Kalmar farko numfashi ke nan, ta biyu kuma fili ko sarari. In an haɗa su, ma'anar ita ce ɗan lokacin da mutum zai samu ya sarara daga wani matsi. Idan mahauci ya karɓi shanu bashi ta hannun mai masauki, ranar biya ta zo ya ce, "Give me some breathing space," to cewa yake a ɗaga masa ƙafa. Bai musanta bashin ba, kuma bai ce a yafe masa ba. Yafe bashi a Turancin kasuwa shi ne "write off", kada mu haɗa su.

Amma fa a lura, wannan magana ba ta da wa'adi a cikinta. Tana iya zama kwana 3, tana iya zama wata 3. Wadda take da ƙidayayyun kwanaki ita ce "grace period", irin wadda banki kan rubuta a takardar rance. Saboda haka in an roƙe mu sararawa, sai mu tambaya, "How many days?" wato kwana nawa? In ya ce bakwai, mu ce, "Grace period, seven days. Write it down." Sai a rubuta ranar, dillali da mai masauki su shaida.

Me ya sa muka matsa a kan rana? Mu da muke saye da sefa mu sayar da naira ko sidi, jinkiri yana cin uwar kuɗi. Wanda aka riƙe wa naira a tsakiyar 2023, lokacin da darajarta ta faɗi, ya san abin da ya gani wajen 'yan canji. Ga kuɗin masauki da na abinci suna ta hauhawa, ga kasuwar gida tana wucewa.

Mu ma muna iya amfani da ita. In mai mota ya matsa sai an biya shi alhali shanu ba su fita ba, sai mu ce, "I need breathing space till Friday," wato a saurara mini zuwa Juma'a. Mu riƙa faɗin ranar da bakinmu, kuma mu cika. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma alƙawari kaya ne.

Allah ya ba da kasuwa, ya kai mu gida lafiya.