Nasiha ga Ɗalibai a Kan Ilmin Motsi

Ya ku ɗalibai, kada ku wadatu da haddar ƙa'idodi uku na motsi waɗanda masanin Ingila Niyuton ya wallafa a 1687, domin hadda ba fahimta takan gudu ranar jarrabawa. Ku shiga kasuwa ku dubi mai tura amalanke, yadda yake shan wahala kafin ta motsa, sa'an nan in ta kama gudu tsai da ita ya zama wata wahalar, balle in an labta mata buhunan gero; ai wannan ita ce mas'alar da malaminku yake ta bayyanawa a allo.

Hisabin sauri kuwa mai sauƙi ne, a raba nisa da lokaci: motar da ta ci kilomita 120 cikin awa 2, saurinta kilomita 60 ke nan a awa. Amma ku lura, in direba ya ninka gudunsa, tazarar da zai ci bayan ya taka birki takan ninku sau huɗu, alhali galibin masu gaggawa a hanya sun jahilci wannan.

Ku riƙa rubuta ma'auni, mita ko daƙiƙa, a gefen kowace lamba kafin ku fara lissafi.